Ranar da Zabibin Kaka Ya Tashi

Abin da na fara lura da shi ranar da Mama ta kawo ni zama gidan Kaka a Bani Malik shi ne gidan ba ya ƙamshin komai. Duk gidan da na sani a Jidda, tun daga matakala turaren wuta yake tarar mutum. Nan babu kaskon turare, babu kwalba ko ɗaya a gaban madubi, sabulun wanka ma irin marar ƙamshin nan ne. Kaka ta jawo gefen mayafina ta shinshina, ta dubi Mama.

"Ki wanke mata wannan kafin ta shigar mini ɗakin aiki," in ji ta. "Ni da hancina nake ci."

Ina firamare a lokacin. Yanzu ina shekarar ƙarshe a sakandare, kuma duk azumin da ya zo a tsakani, a ɗakin aikin nan ya same ni.

Ku ne kuka sa na zauna rubuta wannan, ku 'yan uwana da kuka cika falon Khala Zainab, 'yar'uwar Mama, ranar sunan jaririnta kuna cewa bana ku ma za ku fara sayar da ruwan zabibi ta waya. Na ji wadda ta ce, "Aish fiha? Me ke ciki? Jiƙa zabibi ne a ruwa, a tace, a jefa ƙanƙara, halas, shi ke nan." Ina zaune bayan ƙofa da farantin dabino a cinyata, ban ce komai ba, domin bakina ba ya buɗuwa a cikin taro. To ga amsar a rubuce, mai so ya karanta.

Ga wanda bai girma a Hijaz ba, ruwan zabibi jan abin sha ne mai duhu da ake buɗe baki da shi, ɗan'uwan sobiya, wani abin shan azumi da ake yi da sha'ir. Ba zobo ba ne. Na gaji da faɗin wannan. Zabibi busasshen inabi ne, kuma kowa ya san abin da ruwan inabi yake komawa idan aka bar shi ya wuce lokacinsa. A gidanmu ba a kiran sunan abin. Cewa ake yi "ya tashi". Duk sana'ar tana tsakanin "ya yi" da "ya tashi", kuma a zafin Jidda tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi tsawon baccin rana ba. Kaka ta fara sayarwa tun Mama tana goye. Ba ta da shago, ba ta da allo a ƙofa. Abu ɗaya take da shi: ba a taɓa samun mai azumin da ya buɗe baki da wanda ya tashi daga hannunta ba. Ita da bakinta ta faɗa, ranar da aka samu, ranar za ta kife randunanta ta daina. A unguwarmu ma ba sai ta kife ba, bakin mutane zai kife mata.

Aikin da aka fara ba ni tsinta ne. Kaka ta juye mini zabibi a babban tire, ta zaunar da ni kusa da taga. Na ɗauka ta yi kuskure ta ɗauko na zubarwa. Ba irin na kanti ba ne mai sheƙi kamar an shafa masa mai. Baƙi ne wuluk, a yamutse, da fari-farin ƙura a jikinsa, kowane da 'ya'yansa a ciki, wasu har da guntun karansu. Ana cire karan, don shi ke kawo ɗaci. Ana cire wanda ya yi laushi fiye da 'yan uwansa, da wanda tsuntsu ya tsattsaga, da tsakuwar da ta biyo shi daga rufin da aka shanya shi. Tsakuwa ɗaya ta isa ta karya bakin injin niƙa. Na yi azumi guda cur ba na komai sai tsinta, bayana ya ƙage, farcena ya rine. Duk tiren da na gama, Kaka za ta sa yatsa ɗaya ta birkita, ta zaro kara ta ɗora mini a gwiwa, ta wuce.

Na ji kun ce za ku sayi marar 'ya'ya a kanti don ya fi sauƙin niƙa. Ku saya. Za ku sami ruwan sukari mai launin shayi. Jan yana cikin baƙar fatar ne, ɗan kama-harshen nan da ke kashe ƙishirwa kuma yana cikin 'ya'yan.

Zabibin Kaka daga gona ɗaya yake zuwa, a kan duwatsun da ke bayan Ɗa'ifa. Marigayi mijinta direban babbar mota ne mai ɗauko kayan lambu daga can zuwa kasuwar Jidda, shi ya fara kawo mata buhu ɗaya tsaraba. Sau ɗaya aka je da ni, a hutun makaranta. Mai gonar tsoho ne, Abu Sa'ad, yana ɗingishi. Gonar hawa-hawa ce, an tare kowane hawa da jeren duwatsu. Itatuwan inabin kakansa ne ya dasa su. Gindinsu ya kai kaurin cinyar babban mutum, a murɗe, ɓawonsu yana saɓulewa kamar tsohuwar igiya. Na yi ta neman inabin ban gani ba sai da na tsuguna: 'yan nonna kaɗan ne a ƙarƙashin ganye, ƙwayoyin ƙanana. Ba ya yi musu feshi, ba ya zuba takin buhu, sai kashin awakinsa. Ruwansu kuwa na sama ne, wanda yake tarewa da 'yar magudanar dutse, sai na rijiya idan rani ya tsananta.

Ranar da muka je mun tarar suna gardama da ɗansa Sa'ad, wanda yake so a tuge tsofaffin a dasa sabon iri mai yawan 'ya'ya.

"Yaba, itace goma na nan ba su kai ɗaya na maƙwabcinmu ba," in ji Sa'ad.

"Na maƙwabcinmu ruwa ne a cikin leda," in ji tsohon. Ya nuna Kaka da sandarsa. "Tambayi Hajiya. Ita ta san abin da take hawo dutse tana nema."

"Ni dai in ka tuge su, ka haɗa da ni ka tuge," in ji Kaka. Sa'ad ya yi dariya ya je ya kawo mana shayi. Har yau itatuwan suna nan, gardamar ma tana nan.

A hanyar dawowa Kaka ta gaya mini abin da ya fi komai muhimmanci a kan wannan zabibi. Na kanti an wanke shi da magani an shafe shi da mai, in ji ta, ya mutu, ko kwana nawa ya yi a ruwa da kyar zai motsa. Na Abu Sa'ad kuwa rana kaɗai ta taɓa shi. Da ransa. Farar ƙurar nan da ke jikinsa, da ta ji ruwa da ɗumi sai ta farka. Abin da ke ba shi daɗi shi ne abin da ke sa shi tashi. Ba a samun ɗaya a bar ɗaya.

Wankin randa shi ne aiki na biyu da aka ba ni, kuma shi na fi tsana har gobe. Randunan ƙasa ne guda uku, nan ake jiƙon, domin ƙasa tana riƙe sanyi. Ba a sa musu sabulu. Ruwan zafi da gishiri da soso, mutum ya zura hannu har kafaɗa, sannan a kife su a rana. Idan aka bar ɗigon jiƙon jiya a gindin randa, shi zai tayar da na yau tun kafin azahar. Akwai muciya da ba ta taɓa ganin miya ba. Akwai farin ƙyallen tata, wanda ake wankewa shi kaɗai, a shanya nesa da kayan sawa. Wata rana matar Kawu ta yi mana kirki ta haɗa shi da wankinta a inji, ya fito yana ƙamshin furanni. Kaka ta karɓa ta yi godiya, ta mayar da shi tsumman goge ƙasa.

Da can a turmi Kaka take daka jiƙaƙƙen zabibin. Da kafaɗarta ta gaza aka sayi injin niƙa, amma ba a sake masa wuta ya yi ta gudu. Dannawa ake yi a saki, a danna a saki, don 'ya'yan su fashe kawai, kada su zama gari. In suka zama gari, ɗaci ya shiga, kuma babu sukarin da zai fitar da shi. Sai a tace, a matse da hannu, a sake tacewa. Sai kayan ƙamshi, hel kaɗan, girfa kaɗan. Sannan a mayar randa ya huta, launin ya zauna, ɗanɗanon ya haɗu. A wannan hutun ne ake cin riba, a nan kuma ake yin asara.

To ga tambayar da babu wanda ya yi a falon Khala Zainab: da rana tsaka a watan azumi, da wane baki za ku ɗanɗana? Kaka ba ta kai komai harshenta da azumi, ko da an ce mata ya halatta a tofar. Hanci ne da kunne. Wanda ya yi, ƙamshinsa a kwance yake, kamar na dabinon da ya nuna. Wanda ya fara tashi yana da wani ɗan tsini da ke sukar can cikin hanci. Kafin ma hanci ya ji, kunne yana ji. Sai a kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, kowa ya yi shiru, a ɗage murfin a kara kunne a bakin randar. In ya tashi za a ji wata 'yar ƙara siririya, sss, kamar ana raɗa a ɗaki na gaba. A duba gefen randar, za a ga ƙananan kumfa sun yi layi kamar ɗinki. Na daɗe ina kara kunne ba na jin komai sai bugun jinina. Ranar da na fara ji, na ɗago na dubi Kaka, ta ce, "To. Ɗauko bokiti." Muka juye randa guda a makwarara, ta bi da ruwa. Ba ta yi tsaki ba, ba ta ce kaito ba. Ni ce na tsaya ina kallon tsintar kwana biyu tana gangarawa.

Masu saye kuma wani aikin ne. Akwai Hajiya Ummu Khalid, 'yar asalin Jidda, da take aiko direbanta kullum da saƙon cewa na jiya sukari ya yi yawa, kuma kullum sai ta sake aikowa. Akwai sababbin zuwa daga Najeriya da suka tsaya bayan umara, su ɗaga gorar su duba a haske su ce, "Hajiya, wannan zobon naki bai ji citta ba." Akwai leburori daga unguwar Khumra da suke haɗa kai su sayi jarka ɗaya. Akwai kuma wani mutum mai jan gemu da ya taɓa zuwa ya rage murya ya ce ko akwai wanda ya ɗan kwana biyu, zai biya ninki.

"Akwai," in ji Kaka. "Yana cikin makwarara. Shiga ka ɗebo."

Bai sake biyo layinmu ba.

Shekarar ƙanƙara ita ce shekarar da ba na mantawa. Ƙanƙara ta sauka a kan duwatsun ana gab da tsinke inabi, ta farfasa rabin gonar. Abin da Abu Sa'ad ya aiko bai kai rabin na kullum ba, ya haɗo da ban haƙuri. Da na zuba a tire na ga yawancin ƙwayoyin suna da tabo, fatar ta tsage ta warke. Kaka ta murza ɗaya a yatsa ta ce wannan ba zai yi haƙuri a ruwa ba, sai an tsaya a kansa. Ta ƙi cikawa da na kanti. Ta ce bana babu sayar wa mai wucewa, sai tsofaffin masu saye kawai: kowane gida ya kawo gorarsa ko jarkarsa da safe a jera a soro, a dawo a ɗauka bayan azahar.

A shekarar ne kuma gwiwoyinta suka matsa mata, ni kuma ina makaranta da safe. Sai Kawu ya turo mana ɗansa Faisal daga Sharafiyya ya riƙa taya mu ɗaukar kaya. Faisal ya girme ni sosai, yana aiki a shagon waya. A Jidda aka haife shi kamar ni, amma a gidansu Larabci ake yi, Hausarsa ta gaisuwa ce da ta cin abinci. Yana jin rabi, ya cike rabin da kansa, kuma ba ya taɓa cewa bai gane ba. Ranar farko ya shigo ƙamshin turarensa ya riga shi hawa bene.

"Maigida, kai ne ko shagon turare ne ya zo gaishe ni?" in ji Kaka. Haka take kiran jikokinta maza.

"Ya Sitti, kaɗan ne wallahi."

"Kaɗan ɗin ya kashe mini hanci. Tsaya a soro."

Ya tsaya a soro yana ba mu shawara. A sayi babban firji. A buga takarda mai hoto a liƙa a gora. A ɗauki Kaka bidiyo. "Shugul ɗin nan basiɗ ne, ya Rugayya," ya ce da ni, wai aikin mai sauƙi ne, mu ne muke wahalar da kanmu. Sunana Rukayya, amma haka yake fita a bakinsa. Na miƙa masa soso da gishiri.

Ranar da abin ya faru, wajen tsakiyar azumi ne, an tashi da zafi mai ɗanko. Na jera gorunan mutane a soro na tafi makaranta. Kaka tana da ganin likitan gwiwa da hantsi. Kafin ta fita ta kara kunne a babbar randa, ta ji abin da ta ji. Mai tasi yana ta danna oda a ƙasa. Ta ce da Faisal, tana saka takalmi, "Maigida, wannan ya tashi. Ka zubar." Ta sauka.

Na dawo bayan azahar na tarar da randar a kife, an wanke ta tas. Soro kuma wayam, babu gora ko ɗaya. Faisal yana kwance a kujera yana danna waya, ya ɗaga mini gira.

"Shufti? Kin gani? Ni kaɗai. Kafin ku dawo na gama kullu."

Na shiga ɗakin aiki na ɗauki ƙyallen da ya goge mazurari da shi na kai hanci. Tsinin ya soke ni har ido. Ina tsaye da ƙyallen a hannu Kaka ta turo ƙofa tana dogara sanda. Ta dubi soro. Ta dube ni. Na miƙa mata ƙyallen, ba ta ma karɓa ba, daga nesa ta ji.

"Faisal. Ina gorunan mutane?"

"Sun zo sun ɗauka, ya Sitti. Na cika wa kowa."

"Ka cika da me?"

"Da na randa. Inti kika ce ya tashi, ka zuba."

"Na ce ka zubar!"

"Aiwa, na zuba!"

"Zubar! Zubar, ɗan nan! Da ra a ƙarshe! A makwarara!"

Faisal ya tashi zaune. "Ɗayyib, amma kin ce ya tashi. Ya tashi ya'ni ya yi, jahiz. Kamar ƙullin fanke. Mama tana cewa ya tashi, sai ta soya."

Kaka ta zauna a kan buhun sukari, abin da ba ta taɓa bari wani ya yi ba. "Inna lillahi. Shekara nawa ina tsare bakin mutane, yau harafi ɗaya zai kai ni wuta. Kai hancinka bai gaya maka komai ba?"

"Ni ban ji komai ba."

"Ina za ka ji, kana wanka da turare!"

"Yimkin, wataƙila bai yi ƙarfi ba, ya Sitti. Ɗan kaɗan ne, ba zai bugar da kowa ba."

"Tun hantsi ya kama hanya, ga shi a rufe cikin roba, ga zafin nan. Kafin magariba ya isa inda za shi. Ko bai isa ba, ni ba na ba mai azumi abin da nake shakka. Rukayya, gorar wa da wa kika jera?"

Wannan na sani, don ni nake karɓarsu kowace safiya. Shuɗiyar jarka mai murfin da aka ɗaure da zare ta gidan Malam Sani tela ce. Gorar ruwa mai lotsattsen gefe ta Inna Habi ce. Tulun ƙarfe na Ummu Khalid ne. Na yi ta faɗa, Kaka tana kiran waya. Amma wanda ya san Jidda da azumi ya san bayan azahar gari bacci yake. Waɗanda suka ɗaga wayar kaɗan ne. Sauran sai an je an buga ƙofa.

"Yalla, ɗauko motar ubanka," in ji Kaka. "Ke ki nuna masa gidajen. Kada ku dawo mini da saura ko ɗaya a waje."

Shi yake tuƙi, ni nake hawa bene. Faisal ya ce shi kunya yake ji, kuma matan gida ba za su buɗe wa namiji ba. Ni da ban taɓa yi wa waɗannan mutane magana fiye da "ga shi" da "an gode" ba, na yi ta buga ƙofofi ina tayar da su daga bacci ina cewa Kaka ta ce a ba ni zabibin, ya tashi. Inna Habi ta rungumo gorar daga firji ta ce Allah ya saka wa Hajiya da alheri. Matar Malam Sani ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Au, yau kuma na Hajiya ne ya tashi? Ashe ana yi."

"Ba a sha ba ai," na ce. Ta ba ni jarkar tana taɓe baki.

Direban Ummu Khalid ya sauko da tulun ƙarfe da saƙon cewa dama tun jiya ta ji sukarin ya yi yawa. Muka jera kayan a bayan mota, robobin sun kumbura, murafen suna tsiyaya. Motar ta cika da warin da ko Faisal sai da ya sauke gilashi.

"Wallahi yanzu na ji," ya ce.

"Barka," na ce.

La'asar ta wuce, rana ta yi ja, titi ya fara cushewa da masu sauri su isa gida. Saura jarka ɗaya, babbar fara ta Baba Haruna, tsohon direban bas da ke can ƙarshen unguwa. Wayarsa a kashe. Da kyar muka isa gidan. 'Yarsa ta leƙo ta ce ai Baba ba na gida ya saya ba yau, sadaka ce ta marigayiya mahaifiyarsu, ya kai masallaci tun ɗazu don shimfiɗar buɗe baki.

Masallacin layi biyu ne daga nan, amma motoci sun tsaya cak, kowa yana danna oda. Faisal ya doki sitiyari. Ba wurin ajiye mota, ba wurin juyawa.

"Sauka ki ruga, ya Rugayya. Ni zan zagayo."

Na tattare abayata na ruga.

A harabar masallacin an shimfiɗa doguwar leda, maza sun zauna layi biyu suna fuskantar juna, yawancinsu leburori da kayan aikinsu a jiki, wasu sun ɗaga hannu suna addu'a. Gaban kowane akwai dabino, da sambusa, da ƙaramin kofin roba. Kofunan ja ne, tun daga wannan ƙarshe har wancan. Ban ga Baba Haruna ba. Na tsaya a bakin ƙofar harabar, inda takalma suke, don babu mace ko ɗaya a wurin. Wasu suka ɗago suka dube ni suka mayar da kai.

Sai ga ladanin masallacin ya fito daga wurin alwala yana warware hannun riga, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ammu Idrisu sunansa, dattijo ne ɗan asalin Barno da aka haifa a Makka. Na san shi da gani, ban taɓa yi masa magana ba. Ya duba agogonsa ya nufi ƙofar da lasifika take. Na sha gabansa.

"Ammu."

"Na'am, ya binti? Wurin mata ta baya ne."

"Jan nan na Kakata ne. Hajiya mai zabibi. Ya tashi. Kada su sha."

Ya dube ni, ya dubi shimfiɗar. Shi bai tambaye ni me "ya tashi" take nufi ba. Ya sunkuya ya ɗauki kofin da ke kusa ya kai hanci, ya ce, "La haula." Ya fizgo tiren sambusa ya juye a leda, ya kira mutum biyu daga layin, suka bi shimfiɗar suna kwashe kofuna. Wani saurayi ya rufe nasa da tafin hannu, sai da Ammu Idrisu ya ɗan buge masa yatsu. Aka kawo katan ɗin ruwa aka rarraba. Jarkar Baba Haruna, da sauran rabi a ciki, aka ajiye mini ita kusa da takalma. Mutane suka fara gunaguni da harsuna iri-iri, kowa yana tambayar na kusa da shi. Daga wani masallaci can nesa aka fara kiran salla.

Ammu Idrisu ya dawo yana haki, ya rage murya.

"Halas, ya binti, ba wanda ya kai baki. Je ki gaya wa Hajiya ta kwantar da hankalinta. Su kuma zan rufa mata asiri, zan ce musu ƙuda ne ya faɗa a jarkar."

Ya juya zai shige. Na tuna wankin randa, da ƙyallen tata, da tiren tsinta.

"A'a, Ammu," na ce. "Ɗakin Kaka ko ƙuda ɗaya ba ya shiga. Don Allah ka gaya musu tashi ya yi, kuma ita ce ta aiko a karɓe."